Yadda zaka yi bakof na kwamfutarka tun kafin disk ya tafi da aikinka

Jama'a assalamu alaikum. Duk mai aiki da kwamfuta a nan arewacin Kamaru, ko mai sakatariya ne a Garwa yana buga wa mutane takardun konkur, wato jarrabawar neman gurbin karatu ko aiki, ko ɗalibi a jami'ar Marwa ko Ngaundere yana fama da memwar, wato kundin binciken kammala karatu, ko mai studiyon hoto da hotunan bikin mutane suke hannunsa, ya san yanayin da injinanmu suke aiki a ciki. Wuta ta ɗauke ba sallama ta dawo da ƙarfi, zafin watan Maris da Afrilu ya haura digiri 40, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, ga filash da yake yawo daga siber zuwa siber yana kwaso bairos. Disk ɗin da ke cikin kwamfutarka zai mutu wata rana, wannan babu tantama, abin da kake da iko a kai shi ne ranar da ya mutu ya kasance kana da wani kwafi na kayanka a wani wuri, wato bakof, kuma kwafin da ka riga ka gwada ka ga yana buɗewa. Wannan gwajin shi ne ya fi damuna, zan dawo kansa sosai a ƙasa.

Mataki na farko, ka san me kake son tsarewa

Kafin ka sauke wata manhaja ka zauna ka raba kayanka gida biyu. Akwai abin da in ya ɓace zaka iya samo shi kuma, finafinai, waƙoƙi, manhajojin da ka sauke, shi kansa Windows ɗin. Akwai kuma abin da in ya tafi ya tafi kenan, takardun da ka rubuta da hannunka, lissafin shago a Excel, sikan na takardar haihuwa da difloma da takardun fili, hotunan iyali, aikin kwastoma. Ka tara kashi na biyun nan a wuri ɗaya ka danna dama a kan babban folda ɗin ka duba nauyinsa. Mutane da yawa suna mamaki, sai kaga disk ya cika maƙil amma ainihin abin da ba za a iya maye gurbinsa ba bai wuce giga kaɗan ba, in ba mai hoto da bidiyo ba ne. Wannan lambar ita zata gaya maka girman disk ɗin da zaka saya da kuma abin da zai iya hawa intanet ba tare da ya cinye maka forfe, wato datar da ka saya, ba.

Sannan wata magana da nake yawan ji, wai ni ai duk kayana suna D, wato ɓangaren disk da ba shi ne C inda Windows yake ba, ko an yi format ba abin da zai same su. Gaskiya ne format na C baya taɓa D, amma a mafi yawan laftof C da D disk ɗaya ne aka raba, kamar ɗaki biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, in rufin ya rufta duka biyun ya danne. Ɓarawo ma in ya ɗauki laftof da C da D ɗin duk yake tafiya.

Mataki na biyu, wurin ajiya

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu wannan harka suke kira 3-2-1, wato kwafi uku na kayanka, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ya kasance ba a ginin da kwamfutar take ba. A wajenmu fassararta a aikace ita ce kwamfutar kanta, disk na waje, sai kuma intanet ko wani disk na biyu da yake kwana a gidan ɗan'uwa. Wanda ya ga ambaliyar 2024 a yankin Yagwa da Kuseri har tsallaken kogi a Injamena ba sai an yi masa dogon bayani kan wannan na ukun ba, ruwa baya barin disk don yana cikin durowa.

Disk na waje ka nemi wanda ya ninka kayanka aƙalla sau biyu, saboda manhajar bakof tana ajiye tsofaffin kwafi. In ka sayi na tera 1 ka ga Windows ya nuna 931 GB kada ka koma yin faɗa da mai shago, bambancin lissafi ne kawai ba cuta ba. Inda cutar take shi ne filash da memori na jabu, an rubuta 128 GB ko ma tera a jiki amma cikinsa ɗan kaɗan ne, zai karɓi fayil ya nuna maka sunansa lafiya lau, ranar da ka buɗe sai kaga shirme. Akwai ƙaramar manhaja kyauta H2testw, tana cika filash ɗin ta sake karantawa ta gaya maka girmansa na gaskiya, tana ɗaukar lokaci amma ka yi haƙuri ka barta ta gama. Ni dai ra'ayina filash na ɗaukar takarda ne zuwa wajen firinta, ba wurin ajiyar aikin shekara uku ba.

In disk ɗin na hannu ne, wanda aka ciro daga tsohuwar laftof aka sa a kwanso, ka fara duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma ka rabu da shi. Ka duba format ɗinsa kuma, wato tsarin da disk ɗin yake jera fayiloli da shi, FAT32 baya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4 GB, don haka in Windows kaɗai kake amfani da shi ka mayar da shi NTFS tun yana fanko, in kana haɗawa da Mac kuma exFAT. Format yana share komai fa, ka yi shi kafin ka zuba kaya.

Mataki na uku, kunna abin da yake cikin Windows ɗin tun asali

Mutane suna zuwa neman manhaja mai kirak, wato ta kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, alhali tun Windows 8 akwai ta bakof a ciki kyauta. Tunda yawancin injinanmu da Faransanci suke, sunanta Historique des fichiers, in naka na Turanci ne zaka ga File History. Ka jona disk ɗin, ka shiga Panneau de configuration, sai Système et sécurité, sai Historique des fichiers. In bai ga disk ɗin da kansa ba ka danna Sélectionner un lecteur ka zaɓa, sannan ka danna Activer. Zagayen farko zai daɗe saboda komai yake kwashewa, don haka ka fara lokacin da batir yake cike ko wuta ta zauna, bayan wannan abin da ya canza kawai yake ɗauka.

Daga nan ka shiga Paramètres avancés. A yadda ya zo yana kwafi duk awa ɗaya kuma yana ajiye tsofaffin har abada, toh wannan har abadan shi yake cika disk mutum bai sani ba, sai bakof ya tsaya shiru wata da watanni. Ka canza shi zuwa wata 3 ko wata 6, ko ka zaɓi ya riƙa goge tsofaffi in wuri ya ƙare. Mai rubuta memwar zai iya rage tazarar zuwa minti 30, har minti 10 ma akwai.

Ga inda ake faɗawa rami. Wannan manhajar foldodin mai amfani take kwasa, Bureau, Documents, Images, Vidéos, Musique da ire-irensu. In kayanka suna D bata san da su ba sam, sai ka danna dama a kan folda ɗin ka zaɓi Inclure dans la bibliothèque ka sa shi a ɗaya daga cikinsu, a Windows 11 sai ka fara danna Afficher plus d'options kafin ka gan shi. Mai Mac kuma nasa Time Machine ne, aikin kusan iri ɗaya.

In kana son ka riƙa ganin fayilolinka a disk ɗin waje yadda suke a kwamfuta, ba a cikin wasu foldodi masu dogon suna ba, toh FreeFileSync ya fi maka, kyauta ne kuma ka sauke shi daga shafinsa na asali. Hagu ka sa folda ɗin kwamfuta, dama ka sa na disk, ka danna Comparer ya nuna maka abin da zai yi, ka karanta da idonka, sannan ka danna Synchroniser. Yana da salo uku da ya kamata ka gane. Miroir yana mayar da dama daidai da hagu, ma'ana abin da ka goge a kwamfuta zai goge shi a disk, in kuma ka juya hagu da dama bisa kuskure, disk fanko zai iya share maka kwamfuta, wallahi ka kula da wannan. Mise à jour yana ƙara sabo da wanda ya canza ne kawai baya gogewa, shi nake ba sabon shiga shawara. Na ukun mai tafiya ta ɓangare biyu ne, wannan na mai aiki a kwamfuta biyu ne ba na bakof ba. In dai Miroir zaka yi, ka shiga saitin ka ce fayil ɗin da za a goge ko a canza a tura shi wani folda na tsofaffin kwafi maimakon a hallaka shi. Ka adana saitin a Bureau yadda gobe dannawa biyu kawai zaka yi.

Kafin kowane bakof ka rufe Excel da Word da manhajar lissafi da Outlook in kana amfani da shi, fayil ɗin da yake buɗe wani lokacin a tsallake shi, wani lokacin a kwashe shi rabi.

Mataki na huɗu, hoton disk gaba ɗaya

Wannan ba dole ba ne ga kowa. Amma mai sakatariya ko siber da ya sha wahalar sa direban firinta da sikana da manhajoji goma sha, shi asarar kwana biyu wajen sake instal asarar kuɗi ce. Hoton disk yana kwafe Windows da komai nasa yadda in disk ya mutu ka sa sabo ka mayar da shi yadda yake. A cikin Windows akwai Sauvegarder et restaurer (Windows 7), haka sunan yake ko a Windows 10 da 11, a gefen hagu zaka ga Créer une image système, kuma sai disk ɗin ya zama NTFS. Tsohon abu ne dai, wanda na fi natsuwa da shi shi ne Veeam Agent na Windows, akwai na kyauta, abin da ya burge ni da shi zaka iya saita shi ya fara bakof da zarar ka jona disk ɗin kuma ya yi masa Éjecter da kansa in ya gama. Masu ɗan hannu a harkar suna amfani da Clonezilla ko Rescuezilla daga filash. Macrium Reflect na kyauta da aka saba da shi kamfanin ya daina fitar da shi, don haka ka yi hattara da wanda ake rabawa a shafukan da ba a san kansu ba.

Kowanne ka zaɓa zai ce ka haɗa filash na ceto, kada ka tsallake. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi da wannan filash ɗin zaka tayar da ita ka jawo hoton, 8 GB ko 16 GB ya wadatar, ka liƙa masa takarda ka rubuta sunansa don kada yara su zuba waƙa a kai. A saitin zaka ga kalmomi irin su complète da incrémentielle, na farko komai yake kwasa, na biyun abin da ya canza tun bakof na ƙarshe kawai, yana da sauri da tattalin wuri amma sarƙa ce, in ka goge ɗaya a tsakiya don neman wuri na bayansa duk sun lalace. Ka bar manhajar ta riƙa goge tsofaffin da kanta.

Mataki na biyar, intanet daidai ƙarfin aljihu

Google Drive yana ba da 15 GB kyauta, amma a ciki ne Gmail da Google Photos suke ci, kuma tun 2024 bakof na WhatsApp a wayar Android ma a ciki ake lissafa shi, shi yasa kake ganin ya cika baka sa komai ba. OneDrive 5 GB, Dropbox 2 GB, MEGA 20 GB. Da tsadar data da yadda rezo yake wasa, ko MTN kake ko Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov ga 'yan'uwanmu na Chadi, ba hikima ba ne ka ce komai zai hau. Ka ware folda ɗaya na abin da ya fi komai muhimmanci, takardu da lissafi da sikan, shi kaɗai zai hau, kuma lodin farko ka yi shi da forfe na dare ko inda ka samu wifi mai kyau. In kana jona kwamfuta da wayarka ka shiga saitin wifi ɗin ka kunna Connexion limitée, Windows zai rage shan data a ɓoye, OneDrive ma yakan dakata sai ka ce ya ci gaba.

Amma ka gane wani abu, Drive da OneDrive na kwamfuta aikinsu daidaitawa ne, abin da ya faru a nan shi zai faru a can. Ka goge fayil a kwamfuta ya gogu a can, bairos ya lalata shi lalataccen ya hau. Abin da yake cetonka shi ne kwandon shara nasu da yake riƙe abu kwana 30 da kuma tsofaffin kwafi da suke ajiyewa na wani lokaci, in ka wuce wa'adin baka lura ba shikenan. Wanda yake son bakof na sosai a intanet ya duba Duplicati, kyauta ne, yana kulle fayilolin da kalmar sirri kafin su bar kwamfutarka ya tura su Drive ko OneDrive, kuma abin da ya canza kawai yake turawa. Sharaɗinsa ɗaya mai tsauri, in ka manta kalmar sirrin babu wanda zai buɗe maka, ko su da suka ƙera shi.

Sai maganar akawun ɗin kansa. Yawancinmu wani yaro ne a shagon waya ya buɗe mana Gmail, ba mu san kalmar sirri ba, lambar da aka sa kuma layin ya daɗe da ɓacewa. Ka gyara wannan yau, ka sa lambar da take hannunka, ka rubuta kalmar sirrin a littafi. Google kuma ya sanar cewa akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba zai iya goge shi da kayan ciki, don haka wanda ka buɗe don ajiya kawai ka riƙa leƙa shi.

Cire disk ɗin in ka gama

Wannan kada ka yi wasa da shi. Akwai bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, WannaCry na 2017 shi ya yi suna a duniya, amma wanda ya fi kama irinmu shi ne dangin STOP/Djvu da yake zuwa ta manhajoji masu kirak da ake saukewa kyauta, kuma duk disk ɗin da ya tarar a jone shi ma sai ya kulle shi. Wutar da ta dawo da ƙarfi ma haka, abin da yake jone shi take duka. Don haka ka jona, ka yi bakof, ka danna Éjecter, ka cire, ka ajiye. Disk ɗin bakof baya zuwa siber, baya zuwa wajen abokin da zai zuba maka fim. Kada ka bar shi a mota ko a aljihun babur cikin rana, kada ka motsa shi yana aiki, irin mai juyawa faɗuwa ɗaya daga tebur ta ishe shi. In kwamfutar tebur gareka ka daure ka sayi na'urar riƙe wuta, wadda ake kira onduleur, ko ta minti goma ce, don wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a disk yana daga abin da yake lalata fayil.

In kuma filash ya kamu da bairos ɗin nan mai mayar da foldodi raccourci, wato alamar folda mai 'yar kibiya da ba ainihin folda ɗin ba, kada ka yi saurin format, yawanci kayan suna nan ɓoye su ya yi. Ka wanke da antibairos, ka buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka shiga filash ɗin ta hanyar rubuta harafinsa kamar E: ka danna Entrée, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d ka danna Entrée, sai kaga sun fito.

Yanzu gwajin

Alamar kore da manhaja ta nuna maka ba ita ce hujja ba. Ka jona disk ɗin, ka koma Historique des fichiers, ka danna Restaurer des fichiers personnels, zaka ga foldodinka da kwanan wata a sama da kibiya hagu da dama ta komawa baya. Ka zaɓi fayil ɗaya, maimakon ka danna koren maɓallin kai tsaye ya danne na yanzu, ka danna dama a kansa ka ce a mayar da shi wani wuri daban, misali sabon folda a Bureau. Ka buɗe shi ka karanta har shafin ƙarshe. Ka gwada Word ɗaya, Excel ɗaya, hoto ɗaya, bidiyo ɗaya, kuma ka tabbata ka ɗauko ɗaya daga foldodin D ɗin nan da ka ƙara, don a nan ne aka fi gano cewa ashe ba a taɓa kwashe su ba. Ka duba kwanan watan bakof na ƙarshe, in ka ga na wata huɗu da suka wuce ne toh wani abu ya tsaya, ko disk ya cika ko harafinsa ya canza daga E zuwa F manhajar ta daina ganinsa. Maganin na biyun shi ne ka shiga Gestion des disques ka ba shi harafi na can ƙasa kamar X wanda wani filash ba zai ƙwace ba.

Filash na ceto shi ma ka gwada, ka kashe kwamfuta ka tayar da ita daga kansa, a HP yawanci F9 ne, Dell da Lenovo F12, ka ga ya buɗe kuma yana ganin disk ɗin waje da hoton da ke ciki, sai ka fita ba tare da ka mayar da komai ba. Na intanet kuma ka shiga daga wata waya ko kwamfutar da ba taka ba ka sauke fayil ɗaya, nan zaka san ko da gaske ka riƙe kalmar sirrin, in ka gama ka fita daga akawun ɗin.

Ka sa wa abin rana tsayayya, mai shago kullum kafin ya rufe, sauran mutane ko ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gwajin kuma sau ɗaya a wata. In kana da disk biyu ka riƙa musanya su, ɗaya a shago ɗaya a gida, kuma in takardun mutane ne a ciki ka kulle shi da VeraCrypt ko BitLocker tunda zai riƙa yawo a jaka. Sabbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna zuwa da BitLocker a kunne mai su bai sani ba, ranar da injin ya samu matsala sai ya nemi wata lamba mai alƙaluma 48, in babu ita ko mai gyara ya ciro disk ɗin lafiyarsa ƙalau ba zai karanta komai ba. Lambar tana cikin akawun ɗinka na Microsoft, ka shiga yau ka nemo ta, ka buga a takarda kwafi biyu, ɗaya cikin takardunka na gida ɗaya tare da disk ɗin da yake kwana a waje.